Tana Kan Ruwa: Watannin Jiran Sabuwar Motar Tsere Daga Jamus

Ranar da mutum ya biya kafin alƙalamin sabuwar Porsche 911, babu motar a duniya. Ba ta shago a Legas, ba ta sito a Jamus. Ƙarfe da alminiyom ɗin da za a buga jikinta da su suna nan a nannaɗe, fatar kujerunta ko yankawa ba a yi ba. Abin da ya saya da miliyoyinsa gurbi ne a layin masana'anta, sai takarda mai ɗauke da lambar oda da watan da ake sa ran za a ƙera ta. Wannan shi ne abu na farko da ke ɗaure wa mutanenmu kai, domin mun saba da cinikin ido na ganin ido: ka je wurin dila, ka zagaya mota, ka buɗe bonet, ka sa bakanikenka ya kasa kunne ya ji inji, a yi tayi, a sallama, ka shiga ka ja. Motar tsere sabuwa dal ba haka ake sayenta ba. Biya ake yi a koma gida a zauna.

Zaman jiran masana'anta da na teku ba mu kaɗai ke yin su ba, har da Ba'amurke da Balaraben Dubai. Amma akwai jira na uku da ke farawa ranar da jirgi ya tsaya a Legas, kuma wannan namu ne, mu muka haɗa wa kanmu shi. Shi ya fi cin kuɗi, shi ya fi hana barci. Wani zai ce ina ruwan talaka da damuwar mai sayen motar miliyan ɗari uku. Ruwansa shi ne ƙofa ɗaya ce. Ƙofar da Porsche ke fitowa a tashar Tin Can ita ce wadda tsohuwar Corolla ta malamin makaranta ke fitowa, lissafin da ke jijjiga attajiri kuwa shi ke karya ƙaramin ma'aikaci. A kan mota mai tsada dai ciwon ya fi fitowa fili, shi ya sa ta dace a bi sawunta.

Ita 911 tsohuwar zuma ce. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt a 1963 da sunan 901, sai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce suna mai lamba uku da sifili a tsakiya nasa ne, aka mayar da ita 911. Tun daga lokacin wuri ɗaya ake ƙera ta, unguwar Zuffenhausen a birnin Stuttgart, inda masana'antar ta matse a tsakiyar gari har sai da aka gina gada a saman titi don gangar jikin motoci su riƙa tsallakawa daga wannan gini zuwa wancan. A watan Mayu na 2017 ta miliyan ɗaya ta fito. A 2023 kamfanin ya miƙa wa masu saye kimanin 50,000 a duniya baki ɗaya. In ka raba wannan adadi tsakanin Amurka da Turai da Sin da ƙasashen Larabawa, za ka ga abin da ya rage wa Afirka bai taka kara ya karya ba. Kamfanin yana ba kowane dila kasonsa ne gwargwadon cinikinsa, dila kuma ya raba wa mutanensa. A Najeriya an buɗe cibiyar Porsche a Victoria Island a 2012, amma har yau da yawa suna bi ta hannun dilolin Jamus ko Dubai ko Amurka, kowa da inda ya samu gurbi.

Samun gurbi shi ne lokacin daɗi. Mutum zai zauna gaban kwamfuta ya zaɓi komai da kansa: launin fenti, launin fata, launin zaren da za a yi ɗinkin kujera da shi, girman rim, irin birki, har da ko yana son kujerun baya ko a bar wurin fayau. Ƙaramar cikinsu, Carrera, tana da inji mai silinda shida a baya, ƙarfin doki 394, tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.1, ƙarshen gudunta 294. Da aka sabunta ta a watan Mayu na 2024, farashinta a Jamus ya fara daga yuro 128,700, kafin a ƙara ko abu ɗaya. Ƙare-ƙaren nan kuwa su ne ribar kamfani, kuma suna iya ɗora kuɗin wata motar a kan wannan. Wanda ya ce lallai sai launin da babu a jerin da aka ba shi, za a haɗa masa, amma ya ƙara wa kansa watanni. Daga nan sai ranar rufe oda ta zo, 'yan makonni kafin a fara ƙira. Bayan ranar nan ko zare ba ka isa ka canja ba. Mai oda daga ƙasarmu, in yana da mai ba shi shawarar kirki, abu biyu ba ya wasa da su kafin a rufe: sitiyari ya zama a hagu, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sannan a sa masa na'urar ɗaga hancin mota. Za mu zo kan dalilinta.

Watan da aka rubuta a takarda alkawari ne na fatar baki. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ke sarrafa mota ya tsayar da masana'antu a ko'ina. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, sai ga shi ashe damin wayoyin wuta da ke ratsa jikin motocin Jamus da yawa a yammacin Yukiren ake haɗa su, Porsche ta dakatar da aiki a wasu layukanta. A farkon 2024 kuma motoci dubbai na Porsche da Audi da Bentley suka maƙale a tashoshin Amurka saboda wata 'yar na'ura ɗaya da aka gano ta fito daga yammacin Sin, ta saɓa wa dokar Amurka kan aikin tilas. Motocin a gama suke, masu su suna da lambar shasi a hannu, amma sai da aka canja na'urar ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da lambar shasi ta iso, mai harufa da lambobi 17, ranar ce mutum ke jin lallai yana da mota. Bayanta sai sunan jirgi.

Motocin Porsche da ke barin Turai ta ruwa yawanci ta Emden ko Bremerhaven suke fita, jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma kuma suna lodi a Hamburg da Antwerp. Hanya biyu ce. Akwai roro, jirgin da ake tuƙa mota a shiga cikinsa hawa-hawa, a ɗaure ta da bel a ƙasa. Akwai kuma kwantena, wadda ta fi tsada amma aka rufe an rufe, ba mai taɓa motar sai a gaban jami'in kwastan. Masu tsadar mota da yawa kwantena suke zaɓa, wasu ƙalilan ma jirgin sama. Tafiyar ruwa daga arewacin Turai zuwa Legas mako biyu zuwa uku ce ko fiye, domin jirgin yana yada zango a Dakar, Abijan, Tema, Lome ko Kwatano. A makonnin nan ne za ka ga babban mutum, mai ma'aikata ɗari a ƙarƙashinsa, ya tashi da asuba kafin ya fita masallaci ya buɗe waya yana duba manhajar bin sawun jirage, yana kallon ɗan ɗigo yana rarrafe a gefen taswirar Afirka. Duk wanda ya tambaye shi labarin mota amsa ɗaya ce: tana kan ruwa.

Fargabarsa ba ta banza ba ce. Ranar 10 ga Fabrairu, 2022, jirgin Felicity Ace ya tashi daga Emden zuwa Amurka da motoci kusan 4,000, cikinsu Porsche kimanin 1,100 da Bentley 189. Ranar 16 ga wata wuta ta kama shi kusa da tsibiran Azores na Fotugal. An ceto ma'aikatansa 22 duka, jirgin ya yi kwanaki yana ci, ranar 1 ga Maris ya nutse da komai. Cikin kayan akwai Lamborghini Aventador Ultimae guda 15, na ƙarshe da kamfanin ya ce zai ƙera, har ya rufe layin. Dole ya sake buɗewa. Shekara uku kafin nan, a watan Maris na 2019, jirgin Grande America na kamfanin Grimaldi ya kama wuta ya nutse a tekun Biscay bayan ya baro Hamburg. Porsche 37 ke ciki, huɗu daga cikinsu 911 GT2 RS ne na wasu mutanen Barazil, kuma an riga an daina ƙera irinta. Kamfanin ya rubuta musu cewa zai sake ƙera musu. Waɗannan sun yi sa'a, domin motar tana hannun kamfani lokacin da ta salwanta. Wanda ya saya daga wani dila a waje ya yi lodi da sunansa, asarar tasa ce, sai abin da inshora ta biya. Dokar Najeriya ta ce kayan da za a shigo da su a yi musu inshora da kamfanin cikin gida, mutane da yawa kuma suna yankar mafi araha don kawai a cika takarda. A kan motar irin wannan kuɗi, ganganci ne.

Masu bi ta Amurka su ma sun ɗanɗana. Ranar 26 ga Maris, 2024, jirgin Dali ya daki gadar Francis Scott Key a Baltimore ta rushe, ma'aikata shida suka mutu. A lokacin Baltimore ce tashar da ta fi kowace hada-hadar motoci a Amurka, sama da 800,000 a 2023, kuma daga nan motoci da yawa ke tasowa zuwa Afirka ta Yamma. Sai a watan Yuni aka buɗe mashigar gaba ɗaya.

A Jamus, in mota ta kammalu, mai ita yana iya zuwa Zuffenhausen ko Leipzig ya karɓa da hannunsa. A zagaya da shi masana'anta, a ba shi abinci, a Leipzig har a sa shi a filin tseren kamfanin da malamin tuƙi a cikin mota irin tasa, sannan a yaye mayafi a ba shi makulli. Kuɗin da aka faɗa masa ranar oda, da haraji a ciki, kusan shi ne abin da zai biya. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce abin da mai oda daga Najeriya ba shi da shi.

Tun kafin a yi lodi ya kamata a ce ya buɗe Fom M a banki, takardar da ke shaida wa hukuma abin da zai shigo da shi da darajarsa. A kanta kwastan ke fitar da rahoton kimantawa da ake kira PAAR. Yawancin motocin roro a tashar PTML suke sauka, a tsibirin Tin Can, wadda Grimaldi ke gudanarwa. Daga nan mai mota ya zama ɗan kallo, komai yana hannun ejan mai lasisin kiliyarin: shi zai karɓi takardar sakin kaya daga kamfanin jirgi, ya shigar da bayanai, a buga masa kuɗin duti, a biya a banki, a duba mota, a sa hannu, a biya kuɗin tasha, a samu takardar fita ƙofa. Harajin ma ba ɗaya ba ne. Akwai dutin kansa, akwai ƙarin haraji na musamman kan motoci, akwai kashi 7 cikin 100 na dutin da ake ɗorawa a kai, akwai rabin kashi ɗaya na ECOWAS, sannan harajin VAT, wanda ya koma 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, ya hau kan jimlar duka. Wato har haraji ana biya wa haraji.

Da ma a ce lissafin a tsaye yake, da da sauƙi. A 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kai harajin motar da aka shigo da ita a haɗe zuwa kashi 70, duti 35 da ƙari 35, don a ƙarfafa masu haɗa mota a gida. Dokar kuɗi ta 2020 ta zabge ƙarin zuwa kashi 5. A 2022 aka sake sauya lissafin. A Fabrairun shekarar ne kuma kwastan ta fito da tsarin kimanta mota ta lambar shasi, ejan-ejan suka ce kuɗin da na'ura ke bugowa ya ninka, suka yi yajin aiki a Tin Can da PTML, motoci suka yi cunkoso har aka dakatar da tsarin aka gyara aka dawo da shi a watan Mayu. A Fabrairun 2025 aka fara karɓar kashi 4 cikin 100 na darajar kaya, aka dakatar cikin 'yan kwanaki, aka dawo da shi a Agusta, ministan kuɗi ya sake dakatarwa a Satumba. Mota tana ɗaukar wata shida zuwa shekara tsakanin oda da isowa. Cikin wannan tsakanin doka tana iya canjawa sau biyu.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan canji. Darajar mota da dala ake rubuta ta, duti kuma da naira ake biya, saboda haka akwai farashin dala da kwastan ke lissafi da shi. Har zuwa tsakiyar 2023 naira 422 ne. Ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A Yuli farashin kwastan ya koma 770, a Disamba 951, ranar 2 ga Fabrairu, 2024 ya yi tsalle zuwa 1,356, kafin watan ya ƙare ya haura 1,600. A ɗauki misali, don a ga girman abin: mota mai darajar dala 150,000, a ce duk harajinta ya kama dala 60,000. Wanda ya yi oda a watan Mayun 2023 ya ware naira miliyan 25 da ɗoriya na kiliyarin. Motarsa ta sauka a farkon Fabrairun 2024, aka buga masa miliyan 81. Bai canja komai ba, kwastan ba ta ƙara kaso ba, mota ita ce dai. In kuma bai gama biyan cikon kuɗin motar ba, can ma dalar da ya yi lissafi a kan 460 ta koma 1,500. A ƙarshen Fabrairun nan Babban Banki ya ba da umarnin a riƙa lissafin duti da farashin ranar da aka buɗe Fom M, wanda ya nuna hukuma da kanta ta ga ɓarnar.

A nan ne na fi jin zafin lamarin. Ba na cikin masu cewa kada a ɗora wa motar alfarma haraji mai nauyi. A ɗora, ya dace, wanda ya iya sayen 911 ya iya biya wa ƙasa haƙƙinta. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya kasa sanin nawa zai biya sai ranar da kayansa ke tsare a hannun hukuma, agogon kuɗin kwana yana tafiya. Attajiri zai yi tsaki ya sayar da fili ya cika. Ƙaramin dila da ya haɗa jarinsa da na 'yan'uwansa ya ɗauko tokumbo uku, shi barin su yake yi a tasha har su zama kayan da suka wuce wa'adi, a yi gwanjonsu. Haraji mai yawa da aka sani ya fi ƙarami da ba a san ranar da zai ninka ba.

Kuɗin kwana kuwa ba ya jiran kowa. Akwai 'yan kwanakin alfarma, bayansu tasha tana cajin nata, kamfanin jirgi yana cajin nasa in kwantena ce, kuma kuɗin yana hawa mataki-mataki. A kwanakin nan waya ba ta hutawa. Kalmomin da mai mota zai ji sanannu ne ga duk wanda ya taɓa fitar da kaya: “Ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri, netiwok ne.” “An sa mata alat, sai an je ofishin kimantawa.” “Oga bai zauna ba yau.” “In sha Allahu gobe za ta fita.” Wani lokaci gaskiya ejan ke faɗa, domin na'urar kwastan takan tsaya. A ƙarshen 2024 hukumar, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, ta fara gwada sabon tsarinta mai suna B'Odogwu a PTML, kuma duk sabon tsari yana zuwa da nasa tuntuɓen. Wani lokaci kuma ejan ne ya rage darajar mota a takarda don ya ci bambancin, aka gano. Mai mota yana Kano ko Abuja, ba shi da hanyar bambancewa, sai in ya nace a turo masa takardar kimantawa da rasiɗin banki ya gani da idonsa. Wanda bai yi haka ba, wata rana 'yan sintirin kwastan za su tare shi a hanyar Kaduna, a buga lambar shasi, a ce duti bai cika ba.

Wahalar nan ce ke tura wasu neman gajeriyar hanya. Tun 1 ga Janairu, 2017 aka haramta shigo da mota ta iyakar ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano da aka biyo daji da ita ba ta da takarda ta gaskiya komai kyanta. Akwai kuma wadda ake tallatawa a Legas ko Abuja, tana nan a ƙasa, ba jira, farashi kuma ƙasa da na masana'anta. A watan Nuwamban 2024 kwastan ta miƙa wa hukumomin Kanada motocin alfarma 21 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Wanda irin wannan ta faɗa hannunsa, ko bai san ta sata ba ce, ranar da aka gano ba mota ba kuɗi. Garin neman gira an rasa ido.

To, a ce komai ya tafi daidai, ta fito ƙofa. Mai hankali ba ya barin a tuƙo ta. Legas zuwa Kano kilomita dubu ne ko fiye, ko ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Lakwaja da Abuja, kuma tsakanin cikin motar nan da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba. A kan tirela ko babbar motar ɗaukar mota take zuwa, an lulluɓe ta, kwana biyu ko uku, mai ita yana kiran direba a kowane gari.

Sauke ta shi ne abin kallo. Gangaren tirela an yi shi ne don jif da Hilux, in aka sauko da 911 a kansa kai tsaye leɓen bambarta na gaba zai daki ƙasa ya tsage. Sai a nemo dogayen katakai a jera a ƙarƙashin gangaren don a rage masa tsayi. Yaron mota ya durƙusa har kuncinsa na taɓa ƙasa yana leƙen hancin, hannu ɗaya a sama: zo, zo, a hankali, tsaya! A ƙara katako. Mai mota yana tsaye a gefe, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, bai ce uffan ba. A nan na'urar ɗaga hanci ke biyan kuɗinta: a danna maɓalli, gaban motar ya tashi santimita 4, tayoyin gaba su taɓa ƙasa lafiya. Sai ka ji kowa ya saki numfashi, wani dattijo a cikin maƙwabta ya ce, “Alhaji, Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya tsare.” Yara kuwa sun riga sun kewaye ta. Ƙanin mai gida zai ce a buɗe gaba ya ga inji, a buɗe ya tarar da wurin ajiye jaka. A zagaya baya a ɗaga murfi, can ma ba abin da ake gani sai fanka biyu da bakin zuba mai. Wurin tayar da ita ma a hagun sitiyari yake, al'adar da kamfanin ya daɗe yana riƙe da ita.

Murna ba ta hana dubawa, kuma a ranar ya kamata a yi ta, da rana tsaka, kafin direban tirela ya karɓi sa hannu. A ɓare farar ledar da aka manna wa fenti, a bi jiki kusurwa-kusurwa, a duba gefen rim inda bel ya kama, a leƙa ƙarƙashin bamba. A gwada lambar shasi ta jikin gilas da ta takardun kwastan harafi bayan harafi, domin kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana rajista. A ƙirga makullai. Akwai kuma abin da wanda ya saya ta hannun dilan kamfani ake yi masa, wanda ya yi odar kansa kuwa sai ya nemi mai yi: masana'anta tana cika tayoyi da iska fiye da ƙa'ida saboda doguwar tsayuwa a jirgi, tana sa wasu robobi a cikin sifirin don kada motar ta yi ta lilo, tana kuma sa kwamfutar motar a yanayin jigila, inda wasu abubuwa ba sa aiki. In ba a cire robobin nan ba motar za ta riƙa dukan mutum kamar ba ta da sifirin, ya yi zaton haka motar tsere take. Sai inshora, wadda tun 2023 hukumar NAICOM ta ce cikakkiyarta ba ta yin ƙasa da kashi 5 na darajar mota. A kan motar miliyan 300, miliyan 15 ke nan duk shekara.

Bayan duk wannan akwai sauran jira, kuma littafin motar ne ya faɗa: kilomita 3,000 na farko a bi ta a hankali, kada a wuce juyin inji 4,000 a minti, kada a taka totur har ƙasa. Mutumin da ya yi wata tara yana mafarkin ƙarar injin nan, yanzu an ce ya yi wata biyu ko uku yana lallaɓawa. Ga batun mai. Injin an tsara shi ne da fetur mai ma'aunin oktan 98, yana iya haƙuri da 95, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa, kuma bai kai haka ba. Kwamfutar injin tana ja da baya don ta kare shi, ƙarfi ya ragu, a zafin watan Afrilu abin ya ƙaru. Shi ya sa masu irin motocin nan ke ajiye kwalaben ƙarin oktan, suna kuma manne wa gidan mai ɗaya da suka yarda da shi. Taya ma haka. Tsayin gefenta kimanin santimita 10 ne kawai, babu safaya a motar sai kwalbar gam da ɗan famfo, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, sabuwa kuma sai an yi oda an jira. Kowane tudun rage gudu a unguwa sai an ɗaga hanci an hau shi a karkace.

Ranar da kilomita 3,000 suka cika, sai tambayar da ba a yi ba tun farko ta taso: ina za a taka ta? Dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a babban titi, 50 a cikin gari, wannan mota kuwa tana wuce 100 kafin mutum ya gama karanta Fatiha. Titunanmu ba na mota kaɗai ba ne. Akwai mai babur da iyalinsa, akwai ɗan talla, akwai garken shanu, akwai tirelar da ta lalace ba fitila, sai ganye da aka zuba a kwalta. Mun ga abin da wasan mota ke haifarwa a bukukuwan aure da titunan Abuja da daddare, kuma sau da yawa wanda ake ɗauka a kai makabarta bai taɓa shiga motar ba. Ban ga laifin mutum ya so gudu ba, so ne na gaske kuma tsoho ne a cikinmu. Laifin shi ne a yi shi a inda wasu ke neman abinci. Masu son doki sun warware wannan tun tuni. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko 'yan folo suka keɓe filayensu, yau ga su a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya, da dokokinsu da alƙalansu da lokacin gasarsu, mambobi ke ɗaukar nauyi. Babu filin tseren mota na kwalta irin na Leipzig a kusa da Kano ko Abuja, alhali masu irin motocin nan a biranen biyu sun isa su kafa ƙungiya. Fili a bayan gari, kwalta mai kyau ta kilomita biyu ko uku, shinge, motar asibiti a tsaye da malamin tuƙi ɗaya ƙwararre: dutin motoci kaɗan daga cikin waɗanda ke kwance a garejin Maitama da Nasarawa ya isa a fara aikin.